Gwamna da 'Yar Buta

Litinin, 21 ga Fabrairu, 2022

Madam Germaine ta asibitin unguwa ta ce in nemi littafi in riƙa rubuta duk ranar da haɓo ya ɓalle wa Fiddausi. Na ce Madam, ni da na bar lakwal, makarantar boko, tun a aji CE2 na firamare, ta taga ma na fita ba ta ƙofa ba? Ta ce Musye Lukmanu, ba jarrabawa ba ce, rana kawai za ka sa. To ga rana na sa. Sauran takardar kuma ba zan bar ta fara ba, saye na yi.

Yau da safe haɓo. Jiya ma haka. Makon jiya sau huɗu. Autata ce, shekararta goma, tana CM1, wato ta wuce ubanta da aji guda, kuma har yau ba ta yi mini gori ba.

Madam ta haska hancin da 'yar fitila ta ce ba cuta ba ce, bushewa ce. Wai iskar Garuwa a wannan lokaci babu laima a cikinta ko kaɗan, cikin hancin yarinya yana tsagewa kamar dugadugin tsohuwa. Ta tambaya ko muna da kilim, injin sanyaya ɗaki, a gida. Na gyara zama. Na ce ƙwarai kuwa, bara na sa, a ɗakin yarinyar ma na sa shi saboda zafi. Ina jiran yabo. Sai ta ce to shi ne ke shanye ɗan abin da ya rage. A nemi injin da ke mayar wa iska laima.

Ni mai kilishi ne, ɗan mai kilishi. Tun ina yaro bushewa ke ciyar da mu. In rana ta buɗe iska ta bushe, ni murna nake. Ashe a hancin 'yata take fanshewa.

Laraba, 23 ga Fabrairu

Karimatu ta ce, "Baban Fiddausi, zauna." Shekara ashirin da biyu da aure, duk ranar da ta ce in zauna ban taɓa tashi da daɗi ba.

Ta yi waya da yayarta Halime a Ngaundere. Can akwai sanyi, akwai laima. In haɓon nan bai tsaya ba kafin azumi, Halime za ta zo ta tafi da yarinyar ta ƙarasa shekarar lakwal a can. In ta ji daɗin wurin, wataƙila ta zauna.

Na ce Ngaundere? Garin da mutum ke sa rigar sanyi ya zauna yana kallon gajimare kamar talabijin? Ba ta yi dariya ba. Ta shiga ɗaki ta ɗauko rigar matashin yarinyar ta shimfiɗa mini a gwiwa. Duk tabon jini ne.

Kwana talatin da takwas, in wata ya tsaya yadda ake zato.

Wa zai riƙa gutsurar gefen kilishi yana ce mini "Baba, yau yajin ya ji tsoro"?

Juma'a, 25 ga Fabrairu

Na kira Ghislain, wanda ya sa mini kilim. Ɗan kudu ne, amma ya daɗe a nan, Hausarsa rabi Fillanci rabi Faransanci, duk da haka muna fahimtar juna.

Ya ce injin iri biyu ne. Akwai na gida duka: ana haɗa shi da babban kilim mai bututu a cikin rufi, irin na manyan otal da ofisoshi, a jona masa ruwan famfo, shi ke nan ka manta da shi, kowane ɗaki ya samu. Akwai kuma ƙarami na ɗauka: ka zuba ruwa da hannunka, ka sa a wuta, ɗaki ɗaya yake iyawa, kuma sai ana wanke shi.

Na ce na gida duka. Ban ma bari ya rufe baki ba.

Ya fita tsakar gida, ya ɗaga kai sama, ya daɗe. "Patron, ina rufin?"

Na ce wane rufi?

"Ɗaki huɗu, kowanne ƙofarsa na kallon tsakar gida. Tsakar gida na kallon Allah. In kana so ka jiƙa gidan nan duka, sai ka jiƙa Garuwa har gadar Binuwai." Ya nuna gadajen kara inda nama ke shanye. "Kuma ko na iya, wannan fa? Kilishi mai laima za ka sayar?"

Wai hanci ɗaya ne ke jini, a ɗaki ɗaya, in sayi ƙarami. Ya rubuta mini sunan a takarda: humidificateur. Na sa a aljihu. A raina na ce Ghislain dai aikin hawa rufi yake gudu.

Asabar, 26 ga Fabrairu

Hashim, taubashina, teburinsa na manne da nawa a kasuwa tun muna samari. Ban san wa ya kai masa labari ba. Ina isowa ya ce, "A ba shi hanya, ga mai sayen ruwan iska! Lukmanu, ba ka da randa ne a gida?"

Na ce randa ta talakawa ce irinka. Ni inji zan sa. Ya ce irin 'yar butar nan mai hayaƙi da ake sa wa jarirai? Sai na ji bakina yana cewa, "Na gida duka." A gaban layin masu kilishi gaba ɗaya, da masu tsire, da wata mata da ta zo sayen kilishin rumuzu.

Bakin nan nawa kullum sai ya riga ni isa.

Litinin, 28 ga Fabrairu

Haɓo. Har a farar rigar lakwal.

Alhamis, 3 ga Maris

Yau ranar da za a rubuta ce da jan biro, in da ina da shi.

Na bi ta burokant ɗin Nicolas, mai sayar da tsofaffin kayan Turai. Can bayan firji biyu na hango shi. Fari, ya kai mini ƙugu, da ƙafafun taya huɗu, da tanki a ciki. A gabansa an rubuta: Déshumidificateur. Na ciro takardar Ghislain na gwada harafi da harafi, da yatsa. Iri ɗaya sak, sai ƙarin haruffa uku a gaba.

Nan ilimi ya motsa. Duk abin da aka koya mini a lakwal ya zube, ban da abu ɗaya, domin da bulala ya shiga: *un mouton, des moutons*. *Un* ɗaya ne, *des* da yawa. Wato na Ghislain na ɗaki ɗaya ne, wannan mai *des* na ɗakuna da yawa. Na gida duka, ba bututu, ba hawa rufi! Mutum ya yi CE2 da kyau ya fi wani mai digiri.

Na tambayi Nicolas, yana aiki? Ya ce lafiya lau, ya sa shi a wuta ya yi gurnani. Ban tambaye shi wane aiki ba, shi ma bai tambaye ni me zan yi da shi ba. Mutanen kirki ba sa yawan tambaya.

Moto biyu na ɗauka, baburan haya, ɗaya ni, ɗaya shi. Hanyar gida ba ta bi ta kasuwa, amma yau ta bi. Hashim ya miƙe tsaye da wuƙa a hannu, bakinsa buɗe. Na ɗaga masa hannu kaɗan, irin na manya.

Na raɗa masa suna Gwamna.

Juma'a, 4 ga Maris

Na tura Gwamna ɗakin Fiddausi, daga nan zai riƙa aika wa sauran ɗakuna. Na ciro tanki na cika shi taf da ruwa na mayar. Na danna. Jar fitila ta kama, ya ƙi tashi. Na ce ya ƙoshi da yawa, manya ba sa aiki da cikakken ciki. Na zubar da rabi. Ya tashi.

Iskar da yake fitarwa da ɗumi. Karimatu ta sa hannu ta dube ni. Na ce baƙo ne a ƙasar, yana sabawa.

Fiddausi ta dawo daga lakwal ta tsuguna a gabansa. Ta daɗe tana kallon rubutun. Ta ɗago ta kalle ni, ina tsaye hannu a ƙugu kamar wanda ya gina gada. Ta ce, "Baba, yana da kyau."

Lahadi, 6 ga Maris

Kwana biyu, Fiddausi ta ce babu haɓo!

Kuma injin ba ya cin ruwa. Na sa alama a tanki da farce, yau na duba, bai ragu ba, har ma ya ɗan ƙaru. Ina aka taɓa ganin inji mai mayar maka da canji? Karimatu tana da wata dabara tata, takan jiƙa tsohon zani ta rataya a tagar ɗakin. Ta ce tun da aka kawo abin nan, kafin ta juya zanin ya bushe ƙayau. Na ce kishi ne, Gwamna ba ya son mataimaki.

A kasuwa duk wanda ya saya na ƙara masa gyara. Hashim ya yi shiru yini guda. A tarihi ba a taɓa yi ba.

Talata, 8 ga Maris

Ban san ta inda zan fara ba.

Karimatu ta zazzage jakar lakwal za ta wanke. Hankici uku a can ƙasa, an cusa su cikin safa. Duk sun sandare da jini. Juma'a, Asabar, Litinin. Sai in gyara abin da na rubuta a sama, amma ba zan goge ba, ya zauna ya zama shaida a kaina.

Da ta dawo muka zaunar da ita a tabarma. Uwar ta ce, "Me ya sa kika ɓoye?" Na ce Auta, faɗa mini, ba wanda zai taɓa ki. Sai ta fashe da kuka, ta ce ba ta son zuwa Ngaundere.

Da ta ɗan lafa ta ce, "Baba, kuma injin nan ba shi ba ne."

Na ce kamar yaya ba shi ba ne, *des* fa, *des moutons*.

Ta ɗauko allonta na lakwal ta rubuta da alli. Wai wancan *des* ɗin shi kaɗai yake tsayawa, da fili tsakaninsa da kalma. Wannan kuwa manne yake, da 'yar sanda a kan *e*, kuma aikinsa warware abu. *Faire*, a yi. *Défaire*, a kwance abin da aka yi. "Na Tonton Ghislain yana sa laima. Naka yana cirewa."

Wato kwana huɗu na rufe 'yata a ɗaki da injin shanya. Ni, mai kilishi. Ko a makance hannuna abin busarwa yake kamawa.

Na ce tun yaushe kika sani? Ta ce tun ranar Juma'a. Na ce me ya hana ki faɗa?

"Ka bi da shi ta kasuwa, Baba. Kowa ya gani."

Na tashi na je na juya naman da bai buƙaci juyi ba.

Laraba, 9 ga Maris

Ghislain ya zo. Ya karanta gaban Gwamna, ya zauna a kan turmi, ya yi dariya har hularsa ta faɗi. "Patron! Wannan na Duwala ne, inda takalmi ke fitar da gashi a cikin kabad!" Wai ruwan da ya ƙaru a tanki na zanin Karimatu ne, shi ya tsotse.

Na bari ya gama. Na ce a hankali, ƙaramin.

"Ban ji ba, Patron."

Na ce ƘARAMIN, ɗan nema.

Zai sa a aiko daga Yawunde a motar ajans, kamfanin jigilar fasinja, da ɗan agogon da ke auna laima. Gwamna kuma na tura shi ɗakin ajiya na rufa masa tabarma. Ba zan mayar wa Nicolas ba. Ba laifinsa ba ne, kuma duk hanyar da zan bi sai wani ya gan ni.

Asabar, 12 ga Maris

Labari ya isa kasuwa kafin ni. Yanzu sunana Musye Des. Hashim ya sa mini. "Musye Des, ba ni canjin des ɗari biyar." Har mai shayi ya ce des kofi nawa zan sha.

Na bari suka gaji. Fiddausi ta ba ni makami jiya: wai *boucher* mahauci ne, *déboucher* kuma buɗe abin da ya toshe. Na ce Hashim, ni *boucher* ne ɗan *boucher*. Kai kuwa bakinka tun haihuwa aka yi masa *déboucher*, har yau ba a sami murfin ba. Masu tsire da suka yi lakwal suka kwashe da dariya. Shi bai gane ba, sai da aka fassara masa da Fillanci. Wannan ya fi mini komai daɗi.

Haɓo jiya da yau.

Talata, 15 ga Maris

Ƙaramar na'urar ta iso. Da na buɗe kwalin na ji kunya. Ba ta fi butar alwala ba, da ɗan baki a sama. Wannan ce za ta hana a kai mini 'ya Ngaundere?

Wannan karon ban taɓa komai ba. Na riƙe takardar bayani, Fiddausi na karantawa tana juya mana da Hausa. Ruwa mai tsabta, tatacce. A ɗora ta kan kujera, ba ƙasa ba, ba kusa da kan gado ba. A rufe ƙofa da taga. A zubar da ragowar ruwa kullum, a wanke ta duk kwana uku, in ba haka ba ƙazanta za ta riƙa hura wa mutum. Lambar agogo kada ta wuce hamsin. Madam Germaine ta ƙara da cewa a rage ƙarfin kilim, a riƙa ɗiga mata ruwan gishiri na kantin magani a hanci.

Agogon ya nuna 13. Ghislain ya ce ko burodi aka ajiye a nan sai ya yi haɓo.

Aka danna. Wani siririn tururi mai sanyi ya fara fita, ba ƙara, ba gurnani. Kafin la'asar 29. Kafin magariba 41. Fiddausi ta ja numfashi ta ce, "Kamar bakin kogi."

Karimatu ta kafa sharaɗi: kwana goma a jere ba jini, kuma ita za ta riƙa duba jaka da safa. Halime na zuwa ranar 31.

Sunanta 'Yar Buta. Ba ta cancanci sarauta ba tukuna.

Juma'a, 18 ga Maris

Uku.

Asabar, 19 ga Maris

Haɓo. Kuma ni ne.

Jiya bayan sallar Juma'a na gayyato mutane su ga tururi. Liman na unguwa, maƙwabta biyu, da Hashim, don ya gani da idonsa. Ɗaki ba ya ɗaukarmu, sai na wangale ƙofa da taga, muka zauna a bakin ƙofa muna shayi har yamma ina bayani kamar ni na ƙera ta. Ban lura ba ruwan ya ƙare, lamba ta sauko 17.

Karimatu ba ta ce zauna ba. Cewa ta yi, "Lissafi ya koma farko." Daga gobe, goma zai cika ranar 29. Saura kwana biyu tsakani. Babu wurin wani kuskure.

Na rubuta a kwali da hannuna na liƙa a ƙofar: A RUFE. Ni aka rubuta wa.

Talata, 22 ga Maris

Uku. Na wanke Buta da kaina, da tsohon buroshi. Mutumin da bai taɓa wanke kofin shayinsa ba. Karimatu ta tsaya tana kallo, ta kira maƙwabciya ta katanga wai ta zo ta ga abin al'ajabi.

Alhamis, 24 ga Maris

An ɗauke wuta tun hantsi. Na bar wa Hashim teburina na hau moto na dawo. Buta shiru, lamba na gangarowa ina kallo: 38, 34, 30. Na tsaya ina yi wa soket addu'a.

Karimatu ta ture ni gefe. Ta jiƙa zannuwa uku ta rataya, ta ajiye babbar roba cike da ruwa a tsakar ɗaki, ta yayyafa wa siminti, ta ja ƙofa. Lamba ta tsaya a 32, ta ƙi sauka har wuta ta dawo bayan la'asar.

Wato randar da Hashim ya faɗa ma da gaskiyarta. Ba zan gaya masa ba. Ita ma ban gaya mata ba, amma na sayo mata kifin Binuwai babba, ta gane.

Biyar.

Lahadi, 27 ga Maris

Takwas. Kowace safiya sai na leƙa matashi kafin in gaida kowa. Na zama ɗan sandan hanci.

Talata, 29 ga Maris

GOMA!

Karimatu ta zazzage jaka, ta juya safa, ta ɗaga katifa. Fes. Muka je wurin Madam Germaine ta haska, ta ce ciki ya warke sumul, a ci gaba har ruwan sama ya sauka. Na miƙa mata littafin nan don ta ga ranaku, sai na tuna abin da ke ciki na fizge. Ta ce me ka rubuta haka da yawa? Na ce sirrin sana'a.

A kasuwa na ce wa mai shayi ya ba layin duka, des kofi, ni zan biya.

Alhamis, 31 ga Maris

Halime ta zo duk da haka, tikiti ta riga ta yanka. Da ƙatuwar jaka rabinta wofi, na san ko don kayan wa aka bar wurin.

Ta shiga ɗakin ta dubi Buta sama da ƙasa. "Wannan ɗan abin?" Na ce Yaya, ai ni tun farko ƙarami na ce, gidan da tsakar gidansa ke kallon sama ba a sa masa na gida duka. Karimatu ta yi tari. Fiddausi ta kalli rufi.

Halime ba ta yarda da bakin kowa ba, ta kira yarinyar gabanta. "Ke, faɗa mini tsakani da Allah. Ga sanyi can, ga mangwaro, ga 'yan'uwanki. Za ki bi ni?"

Na yi kamar ina gyara wayar Buta.

Ta ce, "Inna, sai dai hutu. In na tafi, wa zai riƙa karanta wa Baba abin da ya sayo?"

Suka yi ta dariya, har da riƙe ciki. Ni ma na yi. Sai da na fita waje na ga tururin nan ashe yana sa ido ruwa. Ba a rubuta wannan a takardar bayani ba.

Asabar, 2 ga Afrilu

Na raka Halime ajans. Ta zo ɗaukar yarinya, ta koma da ƙunshin kilishi uku. Jakar dai ta cika.

Laraba, 17 ga Agusta

Na ga littafin nan a ƙarƙashin rediyo. Akwai abin da ya kamata a ƙara.

Kwana biyar ruwa ba ƙaƙƙautawa, rana ko leƙowa ba ta yi. Layin masu kilishi duk an kife tebura. Wanda ya yi ƙarfin hali ya shanya, namansa ya yi wari ya zubar. Haka muke kowace damina, mu zauna muna kallon sama.

Shekaranjiya ina zaune a zaure ina ƙorafi, Fiddausi ta ce, "Baba, Gwamna fa? Ba cirewa yake ba?"

Na kalle ta. Na tashi ba takalmi.

Muka share ɗakin ajiya, na shigar da gadajen kara biyu, na yanka nama fale-fale yadda ubana ya koya mini, na kunna Gwamna da fanka, na rufe ƙofa. Wannan karon tanki wofi, na koyi darasi. Sau uku ina zubar da ruwa. Jiya naman ya bushe ƙaras. Na tsoma a labu, na mayar, yau na gasa. Auta ta gutsura ta ce yaji bai ji tsoro ba.

Teburi ɗaya ne a buɗe a layin yau. Kafin azahar babu ko ɓarɓashi. Har direbobin Marwa suna tambaya a ajiye musu na gobe.

Juma'a, 19 ga Agusta

Hashim ya zo gida da kansa, da laima a hannu, ya yi sallama sau uku kamar baƙo. Ya zagaya, ya tambayi lafiyar kowa har da akuya. Can ya ce, "Musye Des, ko Gwamna zai karɓi baƙin nama kwana ɗaya?"

Na ce maimaita sunan, ban ji ba. Ya maimaita. Da wata murya daban.

Na ce masa ai tun ranar da na gan shi a burokant damina nake hange, ku ne ba ku da nisan tunani. Ya ce haka ne. Ya san ƙarya ce, na san ya sani. Na ba shi gado ɗaya. Taubashi ne, in ya mutu da yunwa wa zan zaga?

Yanzu gidana inji biyu: mai sawa da mai cirewa. Ko otal ba su kai ni ba.

Lahadi, 28 ga Agusta

Ba haɓo tun Maris. Ban ma san me ya sa nake rubuta ranar ba.

Tun lokacin lissafin kwana goma na saba, in na dawo daga kasuwa bayan la'asar sai in shiga ɗakin Auta in duba lamba. Har yanzu ina shiga. Mutum ya saba da abu. In na shiga kuma ba kyau a fita nan take, sai in ɗan zauna a bakin tabarma. Littafinta na bara yana nan a ajiye, ba mai amfani da shi, ita za ta shiga CM2. Wani lokaci yakan buɗe.

*Monter, démonter. Plier, déplier.* Ba wuya ashe, in ba bulala.

Jiya ta ba ni shifta, layi biyar. Kuskure bakwai. Ta sa hannu da jan biro ta ce na ci CE2, in wuce gaba. Shekara talatin da tara ina aji ɗaya, ko gwamnati ta gaji.

Yau Karimatu ta leƙo ta ce me ake yi a nan kullum? Na ce lamba nake dubawa.

Fiddausi ba ta ko ɗago ba. "Baba, agogon yana cikin kwali tare da Buta tun watan Yuni. Buɗe shafi na sha biyu."

Na buɗe.